Joseph-Louis Lagrange

Joseph-Louis Lagrange (25 ga Janairu, 1736 – 10 ga Afrilu, 1813) masanin lissafi ne da ilimin taurari. Shi ne ya fara kafa cikakkiyar hujja cewa kowace cikakkiyar lamba, daga 1 zuwa sama, jimillar murabba'ai huɗu ce.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Turin da ke Italiya ta yau. A shekarar 1755, yana ɗan shekara 19, ya fara koyar da lissafi a makarantar sojojin igwa ta birnin. A 1766 Sarki Frederick na Biyu na Prussia ya gayyace shi Berlin, inda ya gaji Leonhard Euler a shugabancin sashen lissafi na cibiyar kimiyya.

Aikinsa kan murabba'ai

Murabba'i shi ne abin da ake samu idan aka ninka lamba sau kanta, kamar 0, 1, 4, 9 da 16. Tun a 1621 Claude Bachet ya lura cewa ana iya rubuta lambobi a matsayin jimillar murabba'ai huɗu, misali 7 = 4 + 1 + 1 + 1, ko 23 = 9 + 9 + 4 + 1. Murabba'ai uku ba sa isa kullum, domin ba a iya haɗa 7 da su.

Sai dai lambobi ba su da iyaka, don haka gwaji, komai yawansa, ba ya zama hujja. Pierre de Fermat ya ce yana da hujjar, amma bai wallafa ta ba. Euler kuma ya shafe shekaru a kan matsalar, har ya nuna cewa idan lambobi biyu kowacce jimillar murabba'ai huɗu ce, to abin da ninka su ya bayar ma haka yake. A kan wannan Lagrange ya ɗora, ya kammala hujjar a 1770.

Sauran rayuwarsa

Ya koma Paris a 1787, kuma a 1788 ya wallafa littafinsa Mécanique analytique kan motsin abubuwa. Yana cikin kwamitin da ya tsara ma'aunin mita da kilogiram. Ya rasu a Paris, aka binne shi a Panthéon.