Nuccio Bertone: Mutumin da ya fito da motoci masu kama da bakin gatari

An haifi Nuccio Bertone a 1914 a Turin da ke Italiya, cibiyar kamfanin Fiat, wanda wani reshensa ya yi aikin gina madatsar ruwan Bakolori. Mahaifinsa Giovanni maƙerin keken doki ne kafin ya koma ƙera jikin mota.

Da Nuccio ya gaji kamfanin, sai ya shahara wajen zaƙulo matasa masu baiwar zane. A 1965 ya ɗauki Marcello Gandini aiki, mai shekara 27.

A wancan lokaci jiki mai lanƙwasa ake yi wa motocin gudu. Bertone ya ba Gandini dama ya sauya salo: gaba siriri dab da ƙasa, baya mai kauri, tamkar bakin gatari. A 1968 suka fito da Alfa Romeo Carabo, mai ƙofofi masu buɗewa sama kamar almakashi. A 1970 sai Stratos Zero, wadda tsawonta daga ƙasa santimita 84 ne kacal. A 1971 suka baje kolin Lamborghini Countach a Geneva.

Nan ra'ayi ya rabu. Masoya suka ga salon zamani mai ɗaukar ido. Masu suka kuwa suka koka da ƙunci da zafin cikin Countach, ga direba ba ya ganin bayansa sosai: wasu sai sun ɗaga ƙofa sun leƙo kafin su yi ribas. Duk da haka an ƙera ta daga 1974 zuwa 1990.

Bertone ya mutu ranar 26 ga Fabrairun 1997. Kamfaninsa ya durƙushe a 2014, amma har yau motocin Lamborghini ba su bar wannan siffa ba.