Ibrahim Narambaɗa Tubali: Makaɗin Kotso na Fadar Isa

Bayan da Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a shekarar 1808, sarautar Gobir ta rarrabu. Wasu Gobirawa daga baya suka kafa Sabon Birni, a Isa kuwa aka sami wani Sarkin Gobir daga zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A wannan fada ta Isa ne Ibrahim Narambaɗa ya yi zamaninsa.

An haife shi a garin Tubali, wanda a da yake ƙasar Isa, wajen ƙarshen ƙarni na 19. Mahaifinsa, Maidangwale, ɗan kokawa ne da ya fito daga Filinge ta ƙasar Nijar. Ke nan ta wajen uba bai gaji kiɗa ba. Ta wajen uwa ya same shi, domin kakansa na wannan ɓangare makaɗin kotso ne. Laƙabin Narambaɗa kuwa, abin da aka fi faɗa shi ne ya samo shi daga wata karya da yake kiwo mai suna Rambaɗa. Da waƙoƙin noma ya fara, yana zuga manoma a wajen gayya, kafin ya koma wa sarauta har ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya yi wa mafi yawan waƙoƙinsa. Kotso ma ya dace da gidan, tun da kiɗa ne da aka fi danganta shi da sarakunan Fulani, kamar yadda ake danganta taushi da na Gobir da Zamfara.

Masu nazari sun fi mai da hankali ga azancinsa da hikimar kalmominsa, musamman a Bakandamiya, inda ya wasa kansa da ubangidansa. Wannan daidai ne, sai dai yakan sa a manta cewa mutumin makaɗi ne, kuma yadda yake jera muryoyi ilmi ne mai zaman kansa.

Don a gane wannan, ya kamata a dubi yadda Turawa suke gina nasu kiɗan. A tsaninsu na sautuka bakwai, sukan ɗauki sauti na 1 da na 3 da na 5 su kaɗa su a lokaci guda, a piyano ko jita, su zama curi ɗaya. Wannan shi ne tushe. Idan ana son curin ya ƙara kauri sai a ɗora masa na 7, daga nan a haura zagaye na biyu na tsanin a ɗauko na 9 da na 11 da na 13. Makaɗan jaz na Amurka sun yi fice a wannan. Ɗorin kuwa yana da ƙa'ida: sauti na 11 yana karo da na 3, don haka akan ɗan ɗaga shi da rabin taki, ko a bar shi gaba ɗaya.

Wanda ya zo da wannan ma'auni ga waƙar Narambaɗa zai ce babu komai a ciki, domin shi da yaransa a kan karin murya ɗaya suke tafiya. Kuskure ne babba. Shi ma yana da tushe, wato gindin waƙa, kuma shi ma yana ɗori a kansa. Bambancin shi ne Bature yana tara sautukansa a lokaci ɗaya, shi kuwa yana shimfiɗa nasa ɗaya bayan ɗaya. Zai fara ɗan waƙa, kafin ya dire 'yan amshi sun tarbe shi, wani lokaci su yi ƙari da layukan da bai furta ba, sannan a koma gindi. A wajen tarben nan muryarsa da tasu sukan hau juna na ɗan lokaci, ga kuma kotso a ƙarƙashi. Kotso ba sauti ɗaya gare shi ba: fata ɗaya ce aka rufe shi da ita, da yatsu ake kaɗa shi, kuma matsa tsarkiyarsa ko sassauta ta yana ɗaga amonsa ko ya sauke shi, har ya bi hawa da saukar maganar Hausa. Ɗan amshin da ya shigo kafin lokaci ya ɓata ɗan waƙar, daidai da yadda sauti na 11 yake ɓata curi idan aka sa shi ba bisa ƙa'ida ba. Wannan yana bukatar yara su haddace waƙar sarai, su kuma san numfashin maigidansu.

Ana jin wannan tsari ƙarara a waƙar Dokin Iska Ɗanfilinge, inda saurin karɓa tsakaninsa da yaransa yake kawo wa mai sauraro hoton sukuwa tun kafin ya tsaya tantance kalmomin, waɗanda Sakkwatanci ne tsantsa.

Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960. Abin da ya rage na muryarsa shi ne waƙoƙin da aka ɗauka a ƙarshen rayuwarsa, waɗanda gidajen rediyo, musamman na Kaduna, suka yaɗa har suka kai inda shi kansa bai taɓa taka ƙafa ba. Allah ya ji ƙansa.