Malam Aminu Kano: Minista Mai Ƙana'a

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, an haifi Malam Aminu Kano a 1920, a gidan ilimi. Mahaifinsa Malam Yusufu mufti ne a kotun alƙalin Kano. Ya yi karatun allo, ya yi Kwalejin Kaduna, ya koyar a Bauchi, sannan ya jagoranci NEPU da PRP.

Zamanin Janar Gowon ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya, daga baya na lafiya, wato minista ke nan a yau. Amma muƙami bai sauya masa rayuwa ba: farar riga mara ado, jar hula, gida a Gwammaja cikin talakawa. Da ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, bai bar wata dukiyar a-zo-a-gani ba.

Buƙatunsa kaɗan ne, shi ya sa ba a iya sayen bakinsa ba. Mu kuwa fa? Albashi bai kai wata ba, amma ga bashin anko, ga bashin sabuwar waya. Mai cin bashi don burga ba ya iya faɗin gaskiya gaban mai bin sa. Rage buƙata, ka tsira da mutuncinka.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya azurta mu da wadatar zuci, amin.