Easley Blackwood, Mai Dabarar Tambayar As

An haifi Easley Blackwood a birnin Birmingham na Jihar Alabama, a Amurka, a shekarar 1903. Aikinsa na inshora ne a birnin Indianapolis, amma da wasan karta da ake kira birij duniya ta san shi.

Mu nan Kankiya da Kusada, in an ce karta sai iyaye su tuna da caca. To, birij wasa ne na lissafi, kamar dara. Mutum huɗu ke yinsa, biyu-biyu, kowa da kati 13. Kafin a fara, abokan wasa sukan yi ciniki, su yi alkawarin zagaye nawa za su ci, ba tare da sun ga katin juna ba.

Wahalar tana zuwa ne bayan mai buɗe ciniki ya sake magana, su biyun suka ga suna da ƙarfi. Idan suka yi alkawarin cin 12, alhali as biyu suna hannun abokan hamayya, galibi sukan faɗi. A 1933 Blackwood ya ƙago kira guda wanda yake tambayar aboki yawan as ɗinsa, shi kuwa ya amsa hawa-hawa.

Mujallar mashahurin gwani Ely Culbertson ta ƙi buga dabarar. Duk da haka 'yan wasa suka yi ta koya wa juna har ta game duniya.

Ya rasu a 1992. 'Yan'uwa ɗalibai, kada ƙin manya ya sa ku yar da tunani mai kyau.