Baiwar da Ta Zama Uwar 'Yan Mata

Karatu: Luka 4:16-21

A Salaga har yau akwai tsofaffin rijiyoyin da aka riƙa wanke bayi kafin a kai su kasuwa. Mata da 'yan mata da yawa sun bi ta wurin, ba wanda ya riƙe sunayensu. Yau za mu duba rayuwar wata yarinya da ita ma aka sace, ko da yake daga wata ƙasa dabam, amma Allah ya komo da ita Afirka domin ta ɗaga 'yan'uwanta mata.

An haifi Catherine Mulgrave a Angola wajen shekara ta 1827. Tana ƙarama aka kama ta, aka sa ta a jirgin bayi da ya nufi Kuba. Jirgin ya farfashe kusa da Jamaika a 1833, aka cece ta. Matar gwamnan tsibirin ta ɗauke ta, daga nan ta sami sunan Mulgrave. Ta yi karatu, ta zama malama.

A 1843 ta zo ƙasar da ake kira Ghana a yau tare da Mishan na Basel. Ta buɗe makarantar 'yan mata a Osu, cikin Akra, a zamanin da mutane da yawa ba su ga amfanin karatun 'ya mace ba. Ta koya musu karatu, ɗinki da Maganar Allah. Ta sha ɗacin aure, gama mijinta na fari ya ci amanarta, auren ya mutu. A 1851 ta auri mai bishara Johannes Zimmermann, suka yi hidima a Abokobi da Odumase. Bayan rasuwarsa a Jamus a 1876, ta komo Osu, inda ta rasu a 1891.

Mai karatu, kasuwar bayi ta Salaga ta tashi, amma talauci yana korar 'yan matan arewacin Ghana zuwa Akra da Kumasi yin dako. Waɗansu kuma ana cire su daga makaranta a aurar da su tun ba su isa ba. Ko a Yendi kake, ko a Bawku, akwai yarinya kusa da kai da take bukatar kuɗin littafi ko mai tsaya mata. Ikkilisiyarku ta san sunanta?

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, mai sakin ɗaurarru, ka buɗe idanunmu mu ga 'ya'ya matan da ake danne wa, ka ba mu zuciyar taimakonsu. Amin.