Murnau: Daraktan Da Kotu Ta Ce A Lalata Fim Ɗinsa

A shekarar 1925 wata kotu a Jamus ta ba da umarnin a lalata duk kwafin wani fim mai suna Nosferatu. Mai ƙara ita ce Florence Stoker, matar marigayi Bram Stoker wanda ya wallafa littafin Dracula a 1897. Kamfanin Prana ya ɗauki labarin mijinta, ya sauya sunaye, bai nemi izini ba, bai kuma biya ko sisin kwabo ba. Gaskiya tana wajenta. Sai dai wasu kwafin sun riga sun tsallake iyaka, kuma albarkacinsu ne har yau ake ambaton daraktan fim ɗin, Friedrich Wilhelm Murnau.

An haife shi a garin Bielefeld ranar 28 ga Disamba, 1888. Sunan gidansu Plumpe. Murnau sunan wani gari ne a Bavaria da ya ara wa kansa. Ya yi karatu a Heidelberg, ya koyi wasan daɓe a hannun Max Reinhardt, ya kuma tuƙa jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

An fara haska Nosferatu a Berlin a watan Maris na 1922, zamanin da fim bai fara magana ba, sai rubutu tsakanin hotuna da makaɗa a gefe. Rashin murya ya sa Murnau neman tsoro a wani wuri, ya kuma same shi a inuwa. Max Schreck ne ya fito a matsayin Orlok, mai shan jinin mutane: kai ƙwal, kunnuwa zaƙo-zaƙo, haƙora irin na ɓera. Amma abin da ya fi tsaya wa mai kallo a rai shi ne inuwarsa tana hawa bene ita kaɗai, sannan inuwar hannunsa ta damƙi zuciyar Ellen. Duk wanda ya tashi yana jin labarin maye da kamun kurwa, a Lafiya ne ko a Kano, ba sai an yi masa tafinta ba.

Akwai kuma annoba. Orlok ya iso gari ne a jirgin ruwa cike da akwatunan gawa da ɓeraye, aka shiga fita da gawarwaki a jere, alhali masu kallo ba su daɗe da binne 'yan uwansu a murar 1918 ba. A Wismar da Lübeck aka ɗauki titunan, na gaske ne, shi ya sa abin ya yi kama da labarin unguwa.

A 1924 ya fitar da labarin wani mai tsaron ƙofar otal da aka ƙwace wa rigar aiki aka mayar da shi kula da banɗaki, fim ɗin da kowane ma'aikaci zai gane zafinsa. Daga nan kamfanin Fox ya ɗauke shi zuwa Amurka, inda Sunrise na 1927 ya ci lambobi a bikin Oscar na farko.

Ya mutu ranar 11 ga Maris, 1931, bayan haɗarin mota kusa da Santa Barbara, yana da shekara 42, saura mako guda a haska Tabu, fim ɗinsa na ƙarshe. An binne shi a Stahnsdorf, kusa da Berlin. A watan Yulin 2015 aka tarar an fasa kabarin, an ɗauke ƙoƙon kansa.