Saul Bass (1920–1996): Mai Zanen Mabuɗin Fim

An haifi Saul Bass a birnin New York na ƙasar Amurka ranar 8 ga Mayu, 1920, ya kuma koyi zane a wurin György Kepes a Kwalejin Brooklyn. Kafin zamaninsa, mabuɗin fim jerin sunaye ne kawai, har wasu gidajen silima kan haska shi a kan labule tun ba a yaye ba.

A 1955 darakta Otto Preminger ya danƙa masa mabuɗin The Man with the Golden Arm, fim a kan jarabar ƙwaya, batun da dokokin tace finafinan Hollywood suka haramta a lokacin. Bass ya zana karkataccen hannu fari a kan baƙin fage, ya isar da jigon kafin ɗan wasa ya buɗe baki. Ya yi wa Alfred Hitchcock mabuɗin Vertigo (1958) da Psycho (1960), daga baya shi da matarsa Elaine suka yi wa Martin Scorsese na Casino (1995). Ya rasu a Los Angeles ranar 25 ga Afrilu, 1996.

Ayyukansa hujja ne ga manazartan finafinan Hausa cewa mabuɗin fim, kamar mabuɗin waƙa, ya cancanci nazari na musamman.